Tiyata ɗaya, bashi takwas: yadda wani ɗan sahu a Kano ya kusa rasa mashin ɗinsa a 2023

Gidan da sana'ar, kafin Yuli 2023

Ɗan adaidaita sahu ne, shekararsa 34, yana haya a ɗaki biyu a wata unguwa ta wajen Kurna a Kano. Matarsa ɗaya, 'ya'ya uku, a lokacin kuma tana ɗauke da cikin na huɗu. Ita tana ɗinkin hula a gida, tana da awaki biyu da ta saya da guminta.

Mashin ɗin bai zama nasa ba tukuna. A farkon Yuli 2022 wani Alhaji ɗan kasuwa ya ba shi sabo fil a kan yarjejeniyar biya da kaɗan-kaɗan: balas naira 3,500 kullum, kwana shida a mako, wato naira 21,000 duk ranar Asabar, har mako 90. Abin da ya samu ran Lahadi nasa ne. A takardar akwai sharaɗi guda mai nauyi. Idan bashin balas ya kai na mako uku, mai mashin yana da ikon karɓe kayansa, abin da aka zuba a baya kuma a lissafa shi kuɗin haya. Baffansa ne ya tsaya masa. Zuwa ƙarshen Yuli 2023 ya zuba na mako 55, naira 1,155,000.

A farkon shekarar yana da naira 38,000 a asusun katako. Canjin kuɗi ne ya fara cinye su. A watan Fabrairu fasinja ba su da tsaba, taransfa ba ta tafiya, masu POS sai sun yanki nasu kafin su ba ka kuɗinka. A ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma kafin tsaba ta wadata azumi ya kama. Sai kuma 29 ga Mayu, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma 540 a Kano, a tsakiyar Yuli ta haura 600. Yana shan kamar lita shida a wuni. Kuɗin mota ya ƙaru, amma fasinja sun ragu, domin wanda zai je kusa ya koma takawa. Bayan balas da mai da tikiti, abin da yake komawa gida da shi bai wuce naira 3,300 ba, alhali kwanon masara da na shinkafa kullum sama suke yi. Asusu ya dawo naira 12,000.

Yana cikin adashen 'yan tasharsu, mutum 20, zubi naira 3,000 duk mako, kwasa naira 60,000. Kwasarsa a Oktoba take, ya ware ta don kuɗin haya na naira 70,000 da zai cika a Nuwamba. Matar ta je awo sau biyu. A zuwa na biyu an ce ta yi hoton ciki idan wata na tara ya kama. Ba a yi ba, saboda haihuwa uku da ta yi a baya duk a gida ta yi su lafiya ƙalau.

Daren Juma'a, 28 ga Yuli

Naƙuda ta fara da la'asar. Ungozoma ta zauna da ita har bayan isha'i, ta ce wannan ya fi ƙarfinta. A ƙaramin asibitin unguwa aka duba aka ce ɗan a gicciye yake, sai an yi aiki. Kwana biyu kafin nan, ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai wajen 12 ga Agusta, saboda haka manyan asibitoci hannu ya yi ƙaranci, waɗanda ke aiki kuma sun cika. Inda suka fara zuwa babu gado. Suka wuce wani asibitin kuɗi, aka ce a ajiye naira 100,000 kafin a shiga da ita.

Cikin awa biyu ya haɗa abin da ya iya. Ya fasa asusu, naira 12,000. Ya ɗauki balas ɗin kwana biyar da ya tara don kai wa Alhaji washegari, naira 17,500. Yayan matar ya turo 20,000, ya ce ba bashi ba ne. Mai shagon layinsu ya ba shi rancen 10,000. Ragowar ya nemo ta a waya. Wani abokin sana'a ya taɓa tura masa mahaɗin wata manhajar bashi ta WhatsApp. Ya sauke ta, ta nemi lambar BVN da hotonsa da izinin shiga lambobin da ke wayarsa, ya danna amincewa. Naira 24,000 suka shigo, za a biya 33,000 cikin kwana bakwai. Jimla 83,500. Likitan ya karɓi 80,000 ya shiga da ita. Kafin asuba aka ciro ɗa namiji, uwa da ɗa suna raye. An ƙara mata jini leda biyu, ƙannensa biyu suka bayar.

Bai kira Alhaji ba a daren, bai kira Baffa ba. Dalilinsa shi ne dare ya yi, kuma Baffa ya riga ya yi masa mai wuyar da ya tsaya masa a kan mashin.

Daga kwanciya asibiti zuwa suna, 29 ga Yuli zuwa 5 ga Agusta

Kuɗin asibiti gaba ɗaya, aiki da magani da gwajin jini da gado, ya kama naira 185,000. Saura 105,000 kafin sallama. Ya kai awakin matar kasuwa da izininta. Babbar Sallah ta wuce tun 28 ga Yuni, kasuwar dabbobi ta faɗi, dillalai kuma suna gane mai sayarwa don dole tun daga yadda ya riƙo igiya. Naira 41,000 aka ba shi duka biyun. 'Yan dubiya suka haɗa 18,000. Ya sauke manhaja ta biyu: 32,000 a hannu, 44,000 cikin kwana 14. Da ragowar 3,500 na daren farko, ya kai 94,500. Ya samu mai kula da kuɗin asibitin ya faɗa masa gaskiya, aka yarda ya kawo cikon 10,500 daga baya. Ranar Laraba aka sallame su.

Ranar Juma'a 4 ga Agusta wa'adin manhaja ta farko ya cika. Ya ɗauki ta uku, 28,000 a hannu, 39,000 cikin kwana 14, ya cika da 5,000 ya biya ta farkon.

Washegari suna. Limamin masallacinsu ya gaya masa a fili cewa yankan suna sunna ne ga mai hali, ba a ɗora wa wanda ba shi da shi, a raɗa wa yaro suna a yi addu'a ya wadatar. Amma ɗa namiji ne na farko bayan mata uku, dangin matar kuma za su zo daga ƙauye. Ya karɓi rago bashi a wajen wani mai kiwo a kan naira 52,000, farashin da ya fi na kuɗi hannu. Kwana huɗu kafin nan ya sayar da awaki biyu, ga shi ko ɗaya daga cikinsu ta isa yankan.

A wannan makon mashin bai fita ba sai jigilar abinci zuwa asibiti. Balas na mako biyu ya hau kansa. Alhaji ya zo barka, ya ba da abin da ya bayar, bai ta da maganar ba.

Agusta: abin da ya gwada shi kaɗai

Dabararsa ta farko ita ce ƙara awannin aiki, daga bayan sallar asuba har dare. Ya ƙara samu, sai dai ba yadda ya zata ba, domin da rana tsaka yawo ne kawai ana ƙona mai babu fasinja. Kuɗin da ya ƙaru suka tafi a maganin mai jego, wankin ciwo, da abincin da aka ce ta riƙa ci.

Ta biyu, ya tsallake juyen baƙin mai sau biyu don ya rage kashe kuɗi. A mako na uku na watan injin ya fara hayaƙi, ya daina ja. Bakanike ya buɗe ya ce sai an canza ringi da fistin, naira 22,000. Ya ba da 8,000, saura 14,000, mashin ya kwana uku a gareji.

Ta uku, ya riƙa raba ɗan abin da ya samu ga duk wanda ya fi matsa masa a ranar. Wani mako ya kai wa Alhaji rabin balas, wani mako bai kai komai ba. Adashe ya tsallake zubi uku. Manhajoji biyun wa'adinsu ya wuce a 15 da 18 ga wata, tara ta fara hawa kullum. Kira ya yi yawa, sai ya koma kashe waya, yana kunna ta da daddare kawai. Wayar da ya kashe don gudun masu manhaja ita ce kuma wadda Alhaji ke nemansa a kai.

A ƙarshen watan saƙo ya fara shiga wayoyin mutanen da ke cikin lambobinsa: hotonsa, sunansa, da cewa ɗan damfara ne ya gudu da kuɗin kamfani. Surukinsa ya samu, liman ya samu, iyayen wasu yara da yake ɗauka sun samu, Alhaji ma ya samu. Wannan salo ba sabo ba ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan bashi a Legas tun Maris 2022, ta kuma fito da ƙa'idar rajista a shekarar. Google ma daga ƙarshen Mayu 2023 ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa na Play Store shiga lambobi da hotunan mutane. Amma manhajar da aka sauke ta mahaɗin WhatsApp ba ta bi ta wannan rumbu ba, babu mai tace ta.

Ranar 1 ga Satumba bashin balas ya kai na mako huɗu, naira 84,000. Alhaji ya aiko yaransa suka tafi da mashin.

Makon farko na Satumba: zama da takarda

Baffa ne ya aika a kira shi, domin shi Alhaji ya nema a matsayin wanda ya tsaya. Aka zauna a zauren Baffa tare da shugaban tasharsu, wanda shi ne kuma ke riƙe da adashe. Baffa bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kai yaro, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ɗauko biro ka rubuta mana su duka, kada ka rage ko sisi."

Abin da ya fito a takardar: manhaja ta biyu tana neman 60,000, ta uku 53,000, balas 84,000, rago 52,000, mai shago 16,000 (rancen da kayan cefanen da aka ci bashi), bakanike 14,000, asibiti 10,500, adashe 9,000. Jimla naira 298,500. Shi kansa ranar ya fara sanin adadin, domin a da kowane bashi daban yake tuna shi, ranar da mai shi ya kira.

Shugaban tasha ya ce a jera su da tambaya biyu: wanne ne ke ƙaruwa kullum, wanne ne kuma zai iya raba shi da abincinsa. Amsar ta fitar da manhajoji da balas a sama. Sauran duk mutane ne da suka san shi, bashinsu ba ya haihuwa.

Washegari Baffa ya kai shi wajen Alhaji. Ya ce, "Alhaji, yaron nan mako 55 bai taɓa saɓa maka ba. Laifinsa ɓuya, kuma ga shi na kawo shi." Alhaji ya ce shi ba kuɗin ne suka ɓata masa rai ba, kashe wayar ne, sai kuma ga saƙo ana ce masa wanda ya ba amana ɗan damfara ne. Da aka nuna masa rasit ɗin asibiti ya sauko. Aka yarda a mayar da mako huɗun ƙarshen yarjejeniya, ba ƙari, a ci gaba da 21,000 duk Asabar. Baffa ya dage a rubuta a bayan tsohuwar takardar da shaidu biyu, ya kawo ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara. Ta fuskar Alhaji ma lissafin ya fi: direban da ya zuba sama da miliyan ya fi kowa lallaɓa mashin, sabon direba kuwa sai an sake gwada shi. Mashin ya dawo bayan kwana shida.

Kuɗin manhajoji daga wuri uku suka fito. Wani ɗan adashe da kwasarsa ta zo a mako na biyu na Satumba ya yarda su yi musanya, ya karɓi ta Oktoba. Aka cire zubi ukun da ake bin sa, ya karɓi 51,000. Liman ya yi wa wani ɗan kasuwa magana, ya ba shi 15,000 daga zakkarsa, tunda wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta lissafa. Baffa ya ranta masa 17,000. Jimla 83,000, daidai abin da aka yi alkawari da manhajojin tun farko, 44,000 da 39,000.

Wani ɗan Baffa da ya iya Turanci ya rubuta musu cewa ga kuɗin da aka amince a kai, ba za a biya tara ba, kuma an adana hoton saƙonnin ɓata sunan da suka tura don kai ƙara FCCPC. Ɗaya ta amsa nan take ta rufe bashin. Ɗayar ta ci gaba da barazana kamar mako biyu bayan an tura mata kuɗin, sannan ta yi shiru. Tarar naira 30,000 ba a biya ba. Aka adana shaidar biya, aka goge manhajojin.

Satumba 2023 zuwa Afrilu 2024

Saura naira 109,500 na mutane biyar, ga haya 70,000 da kuɗinta ya tafi. Tun a Satumba ya je ya gaya wa mai gidan, wata biyu kafin lokaci. Aka raba masa uku, Nuwamba, Disamba, Janairu.

Hanyar shigar kuɗi biyu aka ƙara. Da aka koma makaranta ya samu jigilar yara huɗu 'yan layi ɗaya, naira 6,000 kowane yaro a wata. Tafiya ce sananniya, man da za ta ci sananne, kuɗin kuma a dunƙule suke zuwa. Sannan ya riƙa ba ƙaninsa ɗani daga magariba zuwa ƙarfe goma, ƙanin ya zuba mansa ya kawo naira 1,200. Shi kuma ya daina fita da rana tsaka. Kuɗin ɗani ba sa shiga aljihunsa, matar ke karɓa ta ajiye, ran Asabar a raba: mai rago 4,000, saura ga na gaba a layi. Asibiti aka fara sallama, sai bakanike, domin mashin ba ya rabuwa da shi, sai mai shago. Baffa ya ce nasa ya zo ƙarshe.

Akwai abin da aka sa rai bai zo ba. A Oktoba gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rabon naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Sunansa ba ya cikin rajistar, bai ga komai ba. Akwai kuma abin da aka sadaukar: babbar 'yarsa ta bar makarantar kuɗi ta koma ta gwamnati, nama ya ɗauke daga miya sai ran Juma'a.

Bashi na ƙarshe, na Baffa, ya biya shi a Fabrairu 2024. Balas na ƙarshe ya kai shi a ƙarshen Afrilu, wata guda bayan lokacin da aka tsara tun farko, Alhaji ya miƙa masa takardun mashin. Bayan Babbar Sallar Yuni 2024, da farashi ya sauko, ya saya wa matar akuya ɗaya. Akuya ta biyun kuwa, matar tana bin sa bashinta.

Abin da lissafin ya nuna

A daren tiyata babu abin zargi. Rai biyu ne a kan gado, duk inda kuɗi suke dole a ɗauko, ko da manhaja ce. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun majinyaci suke fita, saboda haka irin wannan dare yana jiran gidaje da yawa. Ɓarnar ta faru ne a mako biyar da suka biyo baya. Asibiti ya ci 185,000, an biya kusan duka cikin kwana biyar, amma a farkon Satumba ana bin sa kusan 300,000, kuma abin da ya zuba a mashin, sama da miliyan ɗaya, yana hannun wani.

Manhajojin uku sun ba shi 84,000, amma 56,000 kaɗai suka je asibiti, sauran 28,000 na ta ukun ya biya ta farko da su. A kan wannan 56,000 ya biya ruwan naira 32,000 cikin mako shida, ko da aka yafe tara. Rago da gyaran inji sun haɗa 74,000, kuma duka biyun ana iya kauce musu. Awakin ma asara ce da ba ta fito a takarda ba, tunda a mafi munin lokaci aka sayar, kuma dukiyar matar ce ba tasa ba.

Duk hanyoyin da suka fitar da shi suna nan tun ranar 29 ga Yuli: Alhaji mai iya ɗaga wa'adi, musanyar kwasa, zakka, rancen Baffa. Babu wadda ta buƙaci sabon abu sai zuwa da faɗa. Ni a ganina kunya ce ta fi komai tsada a wannan lamari, kuma masu manhaja sun san haka, shi ya sa lambobin waya suke karɓa a madadin jingina. Abin da ya ci bashin don ya ɓoye, shi suka watsa wa kowa. Ba kowa ke da Baffa irin wannan ba, ba kowane mai mashin ne zai sauko ba, wannan gaskiya ne. Amma bambancin wanda ya je da kansa a makon farko da wanda aka kamo a mako na biyar, ko a wajen mai tsauri yana nan.

Sai hoton cikin da ba a yi ba. Da an ga kwanciyar ɗan tun wata na tara, da an san akwai yiwuwar aiki, a nemi gado a asibitin gwamnati da rana, a sayar da akuya a natse, a nemi musanyar adashe tun kafin naƙuda. A Nuwamba 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, a Kano kuma akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA. Duka biyun sai wanda ya je awo ya tambaya tun da wuri yake sanin asibitin da ke ciki da takardar da ake nema.

Tunda ya daina biyan balas, yana ware naira 1,000 kullum daga cikin 3,500 ɗin, matar ke riƙewa, dabam da adashe. A tashar tasu kuma an ƙara naira 200 a kan zubin mako, ana tara su a hannun shugaba don rancen asibiti da na gyaran inji, babu ruwa, a biya cikin mako takwas. Mutum shida daga cikin 20 sun ƙi shiga, sun ce ba su yarda kuɗi su kwana a hannun mutum ɗaya ba, ana nan ana maganar buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku.